Mai Gonaki da Sarautar Gado Ya Zama Gwarzon Talakawa: Tambaya Kan Sa Francis Burdett

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne, kuma a wannan zangon muna karanta yadda aka gyara tsarin zaɓe a Ingila a 1832. Na yi ta cin karo da sunan wani Sa Francis Burdett. An ce baronet ne mai gonaki masu yawa, amma shi ne kan gaba wajen neman a ba talakawa ƙuri'a, har aka ɗaure shi. Can gaba kuma sai na ga ya koma jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Shin baronet kamar hakimi ne a wurinmu? Me ya sa mai sarautar gado yake zaune a Majalisar Wakilai maimakon ta Dattawa? Sannan da gaske yake tun farko, ko dai hawa kan talakawa ya yi ya sauka?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka uku ce a dunƙule. Biyun farko ba su da wuya, ta ukun ce mai ƙashi, don haka bari mu sallami masu sauƙin tukuna.

Baronet ba hakimi ba ne. Hakimi yana riƙe wa sarki ƙasa, yana da dagatai a ƙarƙashinsa, kuma ana iya tuɓe shi. Baronet ba shi da gunduma, ba shi da ofis, ba wanda doka ta ɗora wa yi masa biyayya. Abin da yake da shi kawai laƙabin "Sa" ne a gaban sunansa, wanda babban ɗansa namiji zai gada. A nan ya bambanta da "Sa" ɗin da muka sani na Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin nasu lambar girma ce ta mutum ɗaya, ba a gadonta. Asalin sarautar ma ba wani abin tinƙaho ba ne. Sarki James na Ɗaya ne ya ƙirƙiro ta a 1611 saboda baitulmalinsa ya bushe. Mai asali wanda gonakinsa ke kawo masa fam 1,000 a shekara, in ya zuba fam 1,095, sai a ba shi. Wannan adadi ba da ka aka yanke shi ba: albashin soja 30 ne, kwabo takwas-takwas a rana, na shekara uku, domin tsare yankin Ulster a arewacin Ireland. Gidan Burdett sun sami tasu a 1619, kuma mutumin da kake tambaya a kansa shi ne na biyar a jerin.

Majalisar Dattawa kuwa a wancan zamani ta manyan masu sarautar gado ce, daga baron zuwa sama, tare da manyan limaman cocin Ingila. Baronet yana ƙasa da wannan layi. A idon doka shi gama-gari ne kamar kowa, saboda haka ƙofarsa ita ce Majalisar Wakilai, kuma sai an zaɓe shi. Irinsu ne ma suka cika kujerunta a wancan zamani. Wata doka ta 1711 ta ce wanda zai wakilci lardi sai yana da gonakin da ke ba shi fam 600 a shekara, mai wakiltar gari kuma fam 300. Ba a soke ta ba sai 1858, kuma ɗan majalisa bai fara karɓar albashi ba sai 1911. Ka ga ke nan wanda ba shi da ƙasa ko babban uban gida bai ma isa ya leƙa ba.

To, mu zo kan mutumin. An haifi Francis Burdett ranar 25 ga Janairun 1770. Gidan kakansa shi ne Foremark a lardin Derbyshire, katafaren gida a tsakiyar gonakin da manoma ke haya. Ta wajen uwa kuma ya gaji gandun Ramsbury a lardin Wiltshire. Ya yi makarantar Westminster da jami'ar Oksfod, ya zaga Turai, kuma ya ga Faris a farkon juyin juya halin Faransa. A 1793 ya auri Sophia, 'yar Thomas Coutts, mai bankin da gidan sarautar Ingila ke ajiya a wurinsa, ta zo da fam 25,000. A 1797 kakansa ya rasu, da yake mahaifinsa ya riga kakan tafiya, sai sarauta da gandu suka faɗo kansa yana ɗan shekara 27.

Yadda ya shiga majalisa shi ne abin da nake so ka riƙe da kyau. A 1796 aka saya masa kujerar wani ɗan gari mai suna Boroughbridge a Yorkshire kan fam 4,000, daga hannun gidan Duke na Newcastle, kamar yadda ake sayen rumfa a kasuwa. Masu ƙuri'a a garin ba su kai ɗari ba, kuma ƙuri'ar tana manne ne da wasu filaye da gidaje, wanda ya mallake su shi ya mallaki kujerar. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a lokacin. Old Sarum tudu ne da babu mazauna, amma yana aika wakilai biyu. Dunwich teku ta cinye mafi yawansa, shi ma wakilai biyu. Manchester da Birmingham da Leeds, masu masaƙu da maƙeru da dubban jama'a, ba su da wakili nasu na kansu ko ɗaya. Wato mutumin da zai shafe shekara talatin da ɗoriya yana la'antar dillalan kujeru, ta ƙofarsu ya shigo. Surukinsa mai banki ya so ne ya samar wa mijin 'yarsa abin yi mai mutunci. Abin da ya samu daban.

Ingila tana yaƙi da Faransa tun 1793, kuma gwamnatin William Pitt Ƙarami ta dakatar da dokar da ta hana a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Burdett ya ƙi yaƙin, ya ƙi dakatar da dokar. Ya kuma shaƙu da wani tsohon ɗan gwagwarmaya, John Horne Tooke, wanda ya zama malaminsa a siyasa. Abin da ya fara fito da sunansa shi ne kurkukun Coldbath Fields a Landan, inda ake tsare da sojojin ruwan da suka yi bore a 1797 da fursunonin siyasa irin su Kanar Edward Despard. Ya shiga da ƙafarsa ya ga ɗakunan dutse marasa wuta a tsakiyar hunturu, ya ga abincin da ake ba su, ya zo majalisa ya tona asirin shugaban gidan, Thomas Aris. Amsar gwamnati ita ce ta hana shi shiga kowane kurkuku a ƙasar. Mutanen Landan kuwa suka raɗa wa gidan sunan Bastil, kurkukun nan da Faransawa suka rushe.

A 1802 ya bar kujerar saye, ya tsaya a lardin Middlesex, ya kara da William Mainwaring, shugaban alƙalan lardin da suka tsaya wa Aris. Zaɓen wancan zamani ba na yini ɗaya ba ne. Ana iya kwana 15 ana yi, a wuri ɗaya, garin Brentford, kuma mutum zai hau dandamali ne ya faɗi wanda ya zaɓa da bakinsa, mai gonar da yake haya yana ji, magatakarda yana rubutawa. Ɗan takara shi zai ɗauki nauyin keken dokin da zai kawo masu ƙuri'a, da abincinsu, da abin shansu. Burdett ya ci. Sai dai kada ka ɗauka hannun mutanensa a wanke yake: an gano cewa wasu ɗaruruwan ƙuri'unsa na mutanen da aka yanka wa 'yan hannayen jari ne a wani injin niƙa a Isleworth, don kawai su shiga sahun masu mallakar ƙasa. A 1804 majalisa ta soke zaɓen. Aka sake, ɗan Mainwaring ya kayar da shi da ƙuri'a biyar. A 1805 aka mayar masa da kujerar, a 1806 aka sake ƙwacewa. Dukiyar da ya narkar a wannan ja-in-ja ta isa ta talauta wani, har ya ce ya gama kashe ko kwabo a kan zaɓe.

Wannan rantsuwar ce ta haifi zaɓen da ya fi muhimmanci a rayuwarsa. Mazaɓar Westminster, inda majalisar kanta take, ta bambanta da sauran. Duk magidancin da ke biyan harajin unguwa yana da ƙuri'a, don haka masu zaɓe sun haura 10,000, yawancinsu teloli da masu kanti da masu ɗinkin takalma da masu aikin ɗab'i. A 1807 wasu daga cikinsu, ciki har da wani tela mai suna Francis Place, suka kafa kwamiti, suka yi karo-karo, suka ce su za su ɗauki nauyin zaɓen Burdett. Shi kuwa yana kwance. Kwanaki kaɗan kafin nan ya yi saɓani da wani ɗan takara, James Paull, suka fita bayan gari suka yi irin karon bindigar da manyan Turawa ke yi don kare mutunci, kowa ya harbi ɗan'uwansa, Burdett ya samu nasa a cinya. Bai hau dandamali ba, bai roƙi kowa ba, bai biya ba, amma ya zo na ɗaya da ƙuri'a 5,134. Na biyu shi ne Lod Cochrane, jarumin sojan ruwa. Abin da ya girgiza manya ba nasarar Burdett ba ce kawai, a'a, ganin cewa masu sana'ar hannu sun shirya zaɓe da kansu sun kayar da manyan jam'iyyu biyu. Ya riƙe wannan kujera shekara 30.

A 1809 ya gabatar da tsarinsa na gyara: ƙuri'a ga duk mai biyan haraji kai tsaye, mazaɓu masu daidaiton jama'a, a yi zaɓe rana ɗaya, a rage wa'adin majalisa. Mutum 15 suka goyi baya, 74 suka ƙi.

Ɗaurin da ka karanta ya zo ne a 1810, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Shekara guda kafin nan gwamnati ta aika da soja kusan 40,000 tsibirin Walcheren a ƙasar Holan, zazzaɓi ya kashe fiye da 4,000, waɗanda suka mutu a fagen fama kuwa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Da majalisa ta zauna bincike, wani ɗan majalisa, Charles Yorke, ya sa aka fitar da 'yan kallo da 'yan jarida. Wani mai shirya muhawarar jama'a, John Gale Jones, ya manna takarda yana sukar haka, sai majalisa ta kira shi ta jefa shi kurkukun Newgate, ba alƙali ba shari'a. Burdett ya ce majalisa ba ta da wannan iko. Ya nemi a sake shi, aka kayar da shi 153 da 14. Sai ya buga hujjarsa a jaridar William Cobbett a matsayin wasiƙa ga mutanen mazaɓarsa, da kalamai masu zafi. Majalisa ta kwana tana muhawara, da safiyar 6 ga Afrilu ta yanke, 190 da 152, a kai shi Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar nan da ake tsare manyan masu laifin ƙasa.

Kakakin majalisa, Charles Abbot, ya sa hannu a takardar kamu. Burdett ya ce takardar haramtacciya ce, ya kulle ƙofar gidansa mai lamba 78 a titin Piccadilly. Jama'a suka cika titin, duk wanda ya zo wucewa a keken doki sai ya cire hula ya yi kirarin Burdett, in ya ƙi a yayyafa masa taɓo. Da dare suka bi gidajen ministoci suna farfasa tagogi. Gwamnatin Spencer Perceval ta rasa ta cewa, domin ba wanda ya tabbata ko takardar Kakaki ta halatta fasa ƙofar mutum, kuma in aka kashe wani a garin haka, wa zai ɗauki alhakin jinin? Aka cika Landan da sojan doki da na ƙasa. Sai ranar Litinin, 9 ga wata, 'yan sanda da soja suka fasa ta ƙasan gidan suka hau bene. Suka tarar da shi zaune cikin iyalinsa, ɗansa Robert, ɗan makarantar Eton, yana fassara masa Magna Carta daga Latin, wato yarjejeniyar 1215 da ta ce ba za a ɗaure 'yantaccen mutum ba sai da hukuncin tsaransa ko dokar ƙasa. Ni dai ban yarda katsaham aka same su a haka ba. Shiri ne, kuma shirin ya yi kyau, don masu zane sun yi ta sayar da hoton. Aka zaga da shi ta arewacin gari don kauce wa taro. A hanyar dawowa soja suka buɗe wuta, aka rasa rayuka.

Ikon majalisa na tsare mutum yana ƙarewa ne da ƙarewar zamanta, saboda haka ranar 21 ga Yuni aka sake shi. Kwamitin Westminster sun shirya gagarumin jerin gwano, dubban mutane sun yi cincirindo daga ƙofar Hasumiya har Piccadilly da tutoci, masu gidaje sun ba da hayar tagoginsu. Suna tsaye suna jira, ashe mutumin ya fita ta ƙofar kogi, ya shiga kwalekwale ya haye. Ya ce gudun zubar da jini ne. Wataƙila haka ne. Amma Francis Place ya daɗe bai yafe masa ba, kuma a ganina wannan rana ta nuna halinsa fiye da ranar kamun. Yana son jama'a su tsaya masa a kan doka, ba ya son ya zama shugaban taron da ba shi da linzami. Ya kai Kakaki ƙara kotu, aka kayar da shi a 1811, ya ɗaukaka har Majalisar Dattawa, can ma bai yi nasara ba.

Akwai abin da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi jerin gwanon nauyi. Shekara da shekaru yana tashi a majalisa yana neman a hana yi wa soja bulala. A lokacin kotun soja tana iya yanke wa mutum bulala ɗari biyar, har dubu. Wannan magana ba ta kawo ƙuri'a, sojan ƙasa ba ya zaɓe, kuma janar-janar na majalisa suna yi masa dariya. Bai daina ba. Ba a soke hukuncin bulalar ba sai 1881.

Bayan an gama yaƙi a 1815 sai tsaga ta fara bayyana tsakaninsa da sababbin 'yan gwagwarmaya, Henry Hunt da Cobbett, masu tara dubban ma'aikata a fili. A Janairun 1817 wakilan ƙungiyoyin neman gyara suka taru a Landan daga garuruwan masaƙu, suna sa ran shi zai jagorance su, bai zo ba. Mutum ne mai son farautar yanyawa a kan doki a lardin Leicestershire, kuma abokan hamayyarsa ba su bar wannan ya wuce ba. Cobbett ya juya kirarin da magoya baya ke yi masa ya zama abin zolaya. Duk da haka a 1818 ya kawo ƙudurori da ya tsara tare da masanin falsafa Jeremy Bentham: ƙuri'a ga kowane namiji baligi, zaɓe a asirce, sabuwar majalisa duk shekara. Sakamakon shi ne 106 da babu. Shi da Cochrane ne masu ƙirga ƙuri'ar ɓangarensu, ba a lissafa su, kuma ba su sami wanda za su ƙirga ba.

Ranar 16 ga Agustan 1819 sojan doki suka afka wa taron masu neman gyaran zaɓe, mutum kusan 60,000, a filin St Peter a Manchester, suka kashe sama da goma, suka raunata ɗaruruwa. Burdett yana Leicestershire ya karanta a jarida, ya rubuta wa mutanen Westminster wasiƙa mai zafi. Ka lura da wanda ya kira a cikinta: manyan masu gonakin Ingila, yana cewa su ne ya wajaba su tashi. Aka gurfanar da shi a Leicester a 1820, aka same shi da laifin tunzura jama'a, aka ci shi tara mai tsoka da ɗaurin wata uku. Wannan ɗauri na biyu ke nan, yana da shekara hamsin da 'yan kai.

Daga nan ya karkata ga 'yancin mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda doka ta hana zama a majalisa, alhali su ne mafi yawan mutanen Ireland. Ƙudurinsa na 1825 ya wuce a Majalisar Wakilai, Dattawa suka yi watsi da shi. A 1827 ya faɗi da ƙuri'a huɗu, a 1828 ya ci da shida, a 1829 gwamnatin Wellington da Robert Peel ta miƙa wuya. Sai dokar 1832 da kuke karantawa: aka soke garuruwa 56, har da Boroughbridge inda ya fara, aka ba Manchester da 'yan'uwanta wakilai, aka ba magidancin birni mai gidan fam 10 a shekara ƙuri'a.

Yanzu ga tambayarka ta uku. Amsata ita ce da gaske yake, amma abin da yake nema ba shi ne abin da mabiyansa suka ɗauka yana nema ba. Duba kalmomin da yake amfani da su. Ba ya maganar sabuwar duniya irin ta Faransawa, maganarsa kullum a koma ga tsohon tsarin Ingila ne, Magna Carta da haƙƙoƙin kakanni. Ba ya gaba da sarki, cewa ma yake dillalan kujeru sun ƙwace ikon sarki da na jama'a gaba ɗaya. Maƙiyansa su ne mai sayar da kujera, da mai cin albashin muƙamin da ba aiki, da ɗan kwangilar yaƙi, da masu ba gwamnati bashi ana biyan su da harajin kowa. Wannan tsohon ƙorafin masu gonakin karkara ne a kan 'yan fada, tun kafin a haife shi ake yin sa. Gonakinsa su ne tushen taurin kansa: ba ya neman muƙami, ba ya bukatar fansho, minista ba shi da abin da zai ba shi ko ya hana shi. Telolin Westminster sun san haka, shi ya sa suka zaɓe shi, domin a zamanin da ake sayen 'yan majalisa sun ga mai gandu ya fi wuyar saye. Na wani lokaci bukatarsu da tasa sun hau hanya ɗaya.

A 1832 hanyar ta rabu. Shi a wurinsa an kashe macijin, dillalan kujeru sun faɗi. Masu neman ƙarin gyara kuwa yanzu sun juya kan cocin Ingila da dukiyarta a Ireland, kan Majalisar Dattawa, kan dokokin da ke kare farashin hatsi, wato kan ginshiƙan da rayuwar mai gandu ke tsaye a kai. Ga kuma ƙawancen gwamnatin jam'iyyar Whig, kishiyar masu ra'ayin riƙau, da Daniel O'Connell, jagoran Katolikan Ireland, wanda Burdett ya taya yaƙi a baya amma yanzu ba ya ko son jin sunansa. Ya daina zuwa majalisa sosai, ciwon gaɓɓai ma ya taya. A 1837 wasu masu zaɓensa suka ce ya sauka tunda ya bar tafiyarsu. Ya sauka, ya sake tsayawa da goyon bayan masu ra'ayin riƙau, ya kayar da ɗan takarar masu neman gyara, John Temple Leader, da ratar ƙuri'a kusan 500. Da ya nuna musu haka, a babban zaɓen da ya biyo baya cikin shekarar sai ya bar musu Westminster ya koma Wiltshire ta Arewa, lardin da gandunsa na Ramsbury yake, ya zauna a bayan Peel, jagoran masu ra'ayin riƙau, har ƙarshen ransa.

Ba zan wanke shi tas ba. Wanda ya tsaya a 1818 ya ce kowane namiji ya cancanci ƙuri'a, sannan ya gamsu da dokar da ta bar mafi yawan ma'aikata a waje, ya ja da baya, ko da wane suna aka kira abin. Masaƙan Lancashire da suka sa hannu a takardun koke da sunansa a bakinsu suna da hakkin su ji an bar su a rana. Amma mayaudari yakan karɓi ladansa, shi kuwa wannan bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, ya shiga kurkuku sau biyu, ya kuma zubar da dukiya mai yawa daga aljihunsa. In za ka rubuta a jarrabawa, kawo wasiƙar 1819 da kujerar 1837 a sakin layi ɗaya, ka nuna cewa mutum ɗaya ne ya yi su da dalili ɗaya. Abubuwan da ya nema a 1818 kuwa sun zo a hankali bayan ransa: zaɓen asiri a 1872, mazaɓu masu kusan daidaito a 1885, ƙuri'a ga dukan maza a 1918. Majalisar shekara-shekara ce kaɗai ba a taɓa yi ba.

Matarsa Sophia ta rasu a Janairun 1844, ba a yi mako biyu ba shi ma ya bi ta, ranar 23 ga watan, saura kwana biyu ya cika 74. Aka binne su tare a Ramsbury. Ɗansa Robert, yaron nan mai fassarar Magna Carta, ya zama baronet na shida. Autarsa Angela ce ta gaji dukiyar bankin Coutts a 1837, ta yi suna wajen ayyukan jinƙai, har Sarauniya Victoria ta ba ta sarautar baron ta kanta a 1871, matsayin da ya ɗara na mahaifinta. Sarautar gidan ta tsaya a kan baronet na takwas, wanda ya rasu a 1951, gidan Foremark kuwa yanzu makarantar yara ce.